Falle Goma Sha Biyu a Lokaci Guda

Kun sha jin 'yan uwana suna tsokanata idan an taru da salla, suna cewa mamanku ta maimaita aji saboda kwamfuta ta ɗauke mata hankali. Nakan yi murmushi in ƙyale su, domin tun ina ƙarama ban iya kare kaina a cikin taro ba. Amma ranar da na ji Hafsa tana faɗa wa ƙaninta wannan zance don ta tsorata shi, sai na ga gara in zauna in rubuta muku yadda abin ya faru. Gaskiya ne na maimaita aji, kuma gaskiya ne akwai kwamfuta a cikin maganar. Abin da ke tsakaninsu ne ba a taɓa faɗa muku ba.

Shekarata goma sha biyar a lokacin. Muna zaune a Kabo, amma duk dogon hutu akan kai ni Gammo wurin Malam da Iya, iyayen Babana. Sunan mahaifiyar Malam aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ni yarinya ce marar magana. Idan baƙi suka shigo nakan laɓe bayan randa, in zauna ina kallon abubuwan da ba wanda ya damu da su: yadda tururuwa ke zagaye ɗigon koko, da tsagar bangon da ta yi kama da reshen tsamiya, da wace kaza ce ke fara sauka daga kan rumbu da safe. Iya takan ce idan allura ta ɓace a gidan kada a wahala, a tambayi mai shirun nan.

A ɗakin karatun Malam akwai alkuki a jikin bango, a cikinsa kuma akwai wata tsohuwar gafaka ta jar fata. Littafin mahaifinsa ne a ciki, wanda ya rubuta da hannunsa da ajami a tsawon shekaru masu yawa: abin da ya lura da shi game da ruwan sama da taurari, da magunguna, da tafiye-tafiyensa, da nasihohi ga 'ya'yansa. Ba a ɗinke littafin ba. Irin na mutanen da ne, fallayen takarda sama da ɗari uku a jere, ba lamba a kan ko ɗaya. Abin da ke riƙe da jerin shi ne wata 'yar kalma da marubucin kan sa ita kaɗai a can ƙasan bayan kowane falle, wato kalmar da falle na gaba zai fara da ita. Ba wanda ya haddace littafin. Malam kansa tsinta-tsinta ya karanta shi, yana ta cewa idan ya ajiye koyarwa zai zauna ya bi shi daga farko har ƙarshe. Da ya ajiye koyarwar kuwa, sai ido ya fara ba shi matsala. An kai shi asibiti a Kano, aka ce ba yanar ido ba ce da za a cire, ciwo ne da ke cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya, magani zai rage masa gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Tabarau ya daina yi masa amfani a kan ƙananan rubutu.

A tsakiyar daminar shekarar, wata rana da Malam ya tafi ta'aziyya Gwarzo, aka yi ruwa tun hantsi har azahar. Rufin ɗakin karatun na ƙasa ne, ya jiƙe ya fara yoyo daidai saitin alkukin. Iya ce ta gano, bayan an ɗauke ruwan. Ta fito da gafakar tana ɗiga, ta kira matan gidan da na maƙwabta, aka yi abin da kowace mace a Gammo ta san ana yi wa abin da ya jiƙe. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, kowa ta ɗebi nata kason, aka baza fallayen kamar shanyar kuɓewa, aka ɗora wa kowanne ɗan dutse. Har yanzu ina ganin tsakar gidan nan idan na rufe ido. Rana ta fito fes, ƙasa tana tururi, takardu sun rufe ko'ina suna ɗaga gefe a hankali idan iska ta taɓa su, kamar garken fararen tsuntsaye da suka sauka hutawa. Ƙamshin tsohuwar tawada ya cika gidan. Aikina korar kaji ne. Da la'asar kowa ta kwashe na gabanta, aka haɗa wuri ɗaya, aka daidaita gefe da gefe aka mayar cikin gafaka.

Malam ya dawo kafin magariba. Iya ta tare shi a ƙofar ɗakin da gafakar a hannu.

“Ko ɗaya bai ɓata ba, Malam. Da kaina na ƙirga duwatsun.”

“Sannunku da aiki. Wa ya kwashe shanyar?”

“Kowa ta kwashe na gabanta mana.”

“To, madalla. Allah ya yi albarka.”

Ya kwance gafakar. Amma ina tsugune kusa da buta, na ga babban yatsansa yana shafa ƙasan falle na farko, ya koma saman na biyu, ya sake dawowa. Ya kai takardar har kusa da hancinsa, ya nisanta ta, sannan ya mayar ya ɗaure gafakar a hankali. Iya ma ta gani. Daga ranar ta daina tsokanarsa a kan yawan shan shayinsa, gidan ya yi wani irin shiru da ban saba da shi ba.

Baffa Sale, ƙanin Babana, malamin firamare ne a Gude. Mutum ne mai fara'a da saurin yanke shawara, yana da wata tsohuwar laftof 'yar gwanjo da yake buga jarrabawar ɗalibansa da ita. Da ya ji abin da ya faru, sai ya zo da ita a bayan babur. Ya ɗauki hoton falle ɗaya da wayarsa, ya tura cikin laftof ɗin, ya danna wani maɓalli sau biyu, rubutun ya kumbura ya cika gilashin, da haske a bayansa. Malam ya matso a kan buzunsa. Ya daɗe yana kallo, sai leɓɓansa suka fara motsi.

“Hannun babana ne,” in ji shi. “Ga yadda yake jan wutsiyar harafi nan, kamar yana jin ƙyashin ɗaga alƙalami.”

Nan take Baffa ya tsara komai. Za a ɗauki hoton kowane falle gaba da baya, a zuba su duka a kan gilashin kamar yadda aka baza su a tabarma, Malam yana karanta kalmar ƙasa, ana neman abokiyarta ana ja ana jerawa. Shi yana da gona da za a yi wa maimai, wato noma na biyu, don haka ni ya koya wa. Kwana shida na yi ina ɗaukar hotuna a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, inda haske ke da kyau kuma ba inuwar hannu. Ranar da muka zauna fara jerawa, na buɗe falle ɗaya, biyu, uku. A na bakwai laftof ɗin ta tsaya cak. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa a tsakiyar gilashin, fankar cikinta tana huci kamar jakin da ya hau tudu, ba ta gaba ba ta baya.

Baffa ya kai ta Gwarzo wurin wani mai gyara da ake kira Nura. Ya dawo yana murna, ya ce an ƙara mata wani abu da ake kira ram, da giga biyu take da shi, yanzu huɗu. Muka gwada, ta ɗauki falle goma sha biyu lafiya lau, a na goma sha uku zoben ya dawo. Baffa ya yi lissafinsa a tsaye. Ya ce in dai ƙari ne maganinta ai abin ya zo da sauƙi, a ƙara mata har ta ƙoshi. Bai koma wurin Nura ba, ya wuce Kano ya sayo ram biyu manya, kowanne giga huɗu, ya kwance bayan laftof ɗin da kansa a zaure ya cire ƙananan ya sa manyan. Ya danna maɓallin kunnawa. Gilashin ya tsaya baƙi ƙirin, sai wani ɗan kuka da take yi, ƙit, ƙit, ƙit, kamar ɗan tsako a cikin kwando.

Washegari ya ce in raka shi Gwarzo in riƙe masa ita a bayan babur. Na naɗe ta a zani na rungume. Hanya duk kore ce, gero ya fi mutum tsayi, ruwa ya kwanta a kwari yana ɗauke da hoton gajimare. Na riƙa jin kamar marar lafiya na ɗauko. Shagon Nura ƙarami ne kusa da tasha, cike da gawarwakin kwamfutoci. Bayan sun gama gaisawa, an tambayi gida da gona da jikin Malam, ya buɗe bayanta ya duba, ya ɗago ya kalli Baffa.

“Malam Sale, ai na gaya maka.”

“Yaushe ka gaya mini?”

“To, ban faɗa da baki ba, amma da ka kalli fuskata ranar da ka gane.”

“Ni ɗalibai nake kallo, ba fuskar masu gyara ba. Ram ɗin ne jabu?”

“Lafiyarsa ƙalau. Ita ce ba za ta iya da shi ba.”

Ya juyo da ita ya nuna mana wasu gurabe biyu sirara. Ya ce wurin ajiyar hotuna daban yake, shi kamar rumbu ne, kuma namu ko rabi bai cika ba. Ram kuwa shi ne shimfiɗar da take baza abin da take aiki da shi a lokacin. Kowane gurbi a wannan laftof giga biyu aka yi shi ya ɗauka, biyu da biyu huɗu. Ya ɗora bakin sukundireba a kan wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu da ke manne a allon cikinta, ya ce wannan ne ke lura da shimfiɗar, kuma iya huɗu ya san hanya. Abin da ya wuce haka ko an kawo masa bai san inda zai sa shi ba, shi ya sa ta ƙi tashi.

“To a buɗe mata mana,” in ji Baffa.

“Ba kulle ta aka yi ba, ranka ya daɗe. Haka aka ƙera ta. Ko Legas ka kai ta, huɗun nan ce.”

“A canza ɗan baƙin abin.”

“In ka canza shi ka canza allon, in ka canza allon ka sayi wata laftof ke nan, sai dai murfin ya zama naka na da.”

Ya ce akwai dabara ɗaya, a rage nauyin hotunan, za ta ɗauki da yawa. Ya gwada mana da guda. Da ya ƙara masa girma sai rubutun ya watse ya zama hazo-hazo, ɗigon haruffa suka narke cikin tabon ruwa. Ni mai lafiyar ido ma ban iya karantawa ba. Baffa ya zauna a kan benci ya cire hula. Ya ce babbar laftof sai bayan kaka, in an sayar da amfanin gona. Ba wanda ya ambaci idon Malam, amma shi ne a zuciyar kowa. Nura ya mayar da ƙananan ram ɗin, ta tashi kamar ba abin da ya faru. Ban san lokacin da murya ta fito daga bakina ba.

“Goma sha biyun nan, kullum za ta ɗauka?”

Ya waiwayo yana neman mai maganar.

“Ashe tana magana. Kullum, 'yan mata. Ki rufe waɗansu ki buɗe waɗansu, ba za ta ce ta gaji ba. Kada dai ki haɗa mata da na sha uku.”

Goma sha biyu a cikin ɗari uku da wani abu. Kwana biyu muka yi muna buɗewa barkatai, da ƙyar muka haɗa falle huɗu, domin kalmomin ƙasan suna maimaita kansu, wata kalmar takan fito a falle ashirin. Malam yakan gaji da wuri, ido yana yi masa ruwa. A rana ta uku da hantsi, yana hutawa, na zauna ni kaɗai da takardun a kan tabarma, ba karatu nake ba, kallo kawai. Sai na lura da tabon da ruwan ya bari. A wani falle tabon ƙarami ne a kusurwa, kamar ganyen zogale. A wani ya yi faɗin tafin hannu. A wani kuma ya yi kunne biyu kamar kan ɗan akuya. Na tuna cewa lokacin da ruwan ya shiga, fallayen a jere suke cikin gafaka. Ruwan daga sama ya sauka yana ratsawa, yana raguwa. Ke nan duk fallayen da tabonsu ya yi kama, maƙwabta ne. Akwai kuma wata 'yar hudar gara da ta shiga a karkace, tana matsawa kaɗan kaɗan daga falle zuwa falle. Na fara ware su kashi kashi. Da Malam ya farka na buɗe masa goma sha biyu masu kan akuya. Kafin azahar tara daga ciki sun kama juna.

“Uwata, wa ya nuna miki wannan?”

“Ruwan ne, Malam.”

“To, shi ya ɓata, shi kuma ya bar sawu.”

Haka muka samu hanyar aikinmu. Da safe ina ware fallaye da idona, in nemo hotunansu, in buɗe goma sha biyu. Malam yana karanta ƙarshen falle da kalmar ƙasa, in kawo masa farkon waɗanda nake zato, ya ce wannan ne, ko ya girgiza kai. Idan suka haɗu ba ya wucewa, sai ya karanta fallen duka a fili. Batirin ba ya kai awa biyu. Iya ce ta ɗauki nauyin caji, ba wanda ya sa ta. Takan sa laftof ɗin ƙarƙashin mayafi ta kai shagon mai caji a bakin hanya, ta zauna a gefe tana gadi har ta cika, wai kada yara su taɓa mata baƙuwa. Waɗannan makonni sun zame mini kamar mafarki mai tsawo. Ɗakin da ɗan duhu ko da rana, hasken gilashin yana kwance a kan farin gemun Malam, fanka tana huci, a waje kurciya tana kuka. Muryarsa tana ɗauko maganar mutumin da ya rasu tun kafin a haifi Babana, yana ba da labarin wata shekara da ruwa ya makara, da wata rijiya da ya sha a hanyar Katsina, da yadda ake gane ƙasar da za ta karɓi dawa. Wani lokaci nakan ji kamar mu uku ne a ɗakin. Idan muka gama da goma sha biyu na rufe su, sai in ji kamar na sallami baƙi, na buɗe wa wasu ƙofa.

Hutu ya ƙare muna wajen rabi. Baba ya zo ɗaukata ranar wata Asabar. Bayan sun gaisa da iyayensa ya ce in haɗa kayana, jibi makaranta. Malam ya ce haka ne, karatu ba ya jira, abin da ya rage a ƙarasa wani hutun. Ya faɗi haka yana murmushi, fuskarsa tana kallon ɗan gefen inda Baba yake. Na shiga ɗakin Iya na ninke kayana. Na fito har tsakar gida da jakata, sai ƙafata ta ƙi tafiya. Ban taɓa musa wa Baba magana ba, ko kallon idonsa ban taɓa yi ba. Na durƙusa ina kallon takalminsa.

“Baba, ina neman alfarma. A bar ni in ƙarasa.”

“Ki ƙarasa me? Baffanki ya ƙarasa.”

“Shi ma makarantarsu ta koma. Kuma bai san tabon ba.”

“To ki riƙa zuwa ranar Asabar da Lahadi.”

“Ba zai kai ba, Baba.”

“Wa ya ce miki ba zai kai ba? Likita ce ke?”

Na ji kazar Iya tana tono a bayana. Sannan na faɗi abin da ni kaɗai na sani, domin yatsana ne ke kan maɓallin.

“Da muka fara, sau biyu nake danna masa ya gani. Yanzu sau biyar ne. Kuma da idonsa yake bin layi, yanzu da kansa duka yake bi.”

Baba ya juya ya kalli ƙofar ɗakin karatun, ya daɗe. Iya tana bakin murhu, ta daina fifita wuta.

“Kin san dokar makarantarku,” in ji shi daga baya, murya ƙasa ƙasa. “Wadda ta rasa zango guda, aji za ta maimaita. Ƙawayenki za su wuce ki bar ganin ƙeyarsu. Kada ki zo kina yi mini kuka.”

“Ba zan yi ba.”

“Za ki yi. Amma tashi ki mayar da jakar.”

Malam ya yi faɗa da ya ji, faɗa na gaske, ya ce ba zai ci karatun jikarsa ba saboda tsofaffin takardu. Iya ce ta tare shi. Ta ce ita ta baza takardun nan a rana, in ba a jera su yana gani ba, ita za ta kwana da abin har kabarinta, don haka ya yi haƙuri ya bar yarinya ta fitar da ita kunya. Washegari da safe na buɗe goma sha biyu, ya matso a kan buzunsa.

Rabin na biyu ya fi wuya. Can ƙasan gafakar ruwan bai kai sosai ba, tabon ya zama ɗan zare, daga baya ya ɓace, sai hudar gara kaɗai nake bi. Dannawa ta koma shida, ta koma bakwai. Kalma uku kan cika gilashin, ina jan masa layin a hankali kamar mai jan guga. Sau da yawa raina yakan ɓaci da laftof ɗin, in ce da za ta ɗauki ko da talatin ne da tuni mun gama. Wata rana na faɗa a fili. Malam ya yi dariya ya ce ai shi yanzu ko ɗari ta buɗe masa, kalma uku yake gani, in bar baiwar Allah ta yi iya abin da aka yi ta dominsa. Aka yanke gero, aka fara karyar dawa, tsakar gida ta cika da dammuna. Tarin fallayen da muka jera a hagu yana ƙaruwa, na dama da ba mu jera ba yana raguwa, har ranar da na zo buɗe goma sha biyu na tarar saura biyar.

Da hantsi ne. Huɗu suka kama juna ba wahala. Na buɗe na ƙarshe, na danna sau takwas. Malam ya karanta gabansa, na juya masa bayansa. Rubutun bai cika shafin ba. Mahaifinsa ya rufe da addu'a ga iyayensa da malamansa, sannan ya roƙa wa duk wanda ya tsare wannan littafi daga ruwa da gara gafara da kyakkyawan ƙarshe. Iya tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon fura.

“Kin ji, ke ya yi wa addu'a,” in ji Malam.

“Ni da na hargitsa shi?”

“Cewa ya yi daga ruwa. Wa ya fitar da shi daga ruwa?”

Iya ta ajiye kwanon ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Malam ya ce in gangara masa ƙasan shafin. Na ja a hankali har kusurwar da 'yar kalmar ke zama. Ya matso har gemunsa ya kusa taɓa gilashin, ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

“Uwata, duba mini. Idona ne, ko babu kalma a nan?”

Na duba gilashin, na ɗauko takardar kanta na duba a hasken ƙofa.

“Babu, Malam. Fari ne.”

“To ya gama maganarsa ke nan.” Ya jingina da bango ya rufe ido. “Shekara arba'in ina ce masa gobe. Kashe ta ta huta.”

Bai kai ga azumin shekarar da ganinsa ba. Ya rayu shekara huɗu bayan haka, kuma sau da yawa yakan sa a kira ni in na zo hutu, ya ce in ɗauko wajen rijiyar nan, ko wajen shekarar da ruwa ya makara, yana gaya mini kusan inda zan samu. Babbar laftof ɗin da Baffa ya yi alkawari ta zo bayan an sayar da dawa. Tana buɗe hotunan duka a lokaci ɗaya ba ko huci. Ni da Baffa muka kalle su sun cika gilashin ƙanana ƙanana, muka rufe.

Na koma makaranta a zango na biyu, aka zaunar da ni da ƙannen ƙawayena. Baba ya yi gaskiya, na yi kuka, a bayan ajin, ba sau ɗaya ba. Da 'yan ajin suka tambaye ni abin da ya tsayar da ni, na rasa ta inda zan fara, sai na ce kwamfuta ce. Daga bakina zancen ya fito, shi ne yake yawo har yau.

Gafakar tana saman durowata, a cikin leda biyu. Hafsa, ke ce babba. Ranar da za ki buɗe ta, ki wanke hannu ki shanya shi sosai, ki ɗauki falle ɗaya ɗaya kina kifewa a hagunki. Za ki ga ganyen zogale, za ki ga kan ɗan akuya. Kafin ki ɗaga kowanne, ki duba can ƙasa.